Ruwan Khal a Gida: Aikinsa ga Gashi, Wanki da Rini

Gabatarwa

Ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, wasu kuma ruwan tsami, ya samu karɓuwa sosai a gidajenmu. Ana samunsa a manyan kantuna da shagunan masu sayar da magungunan gargajiya, fari ko kuma jaja-jaja wanda ake yi da tuffa. Tare da karɓuwar tasa, maganganu sun yawaita a kansa. Za ka ji an ce yana sa gashi laushi da tsawo, yana kashe ƙwarƙwata, yana fitar da hasken farin kaya, yana kuma hana sabuwar atamfa zuba. Daga cikin waɗannan maganganu akwai na gaskiya, akwai waɗanda aka yi wa ƙari, akwai kuma waɗanda ba su da tushe ko kaɗan. Wanda bai iya rarrabe su ba yakan yi asarar kuɗi da tufafi, wani lokaci ma har ya jefa lafiyarsa cikin haɗari.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibai da malamansu cewa duk aikin da khal ke yi, a kan gashi ne ko a bokitin wanki ko a tukunyar rini, daga abu guda yake fitowa, wato kasancewarsa asid mai rauni. Wanda ya fahimci wannan zai iya sanin inda khal zai yi amfani da inda ba zai yi ba, ko da ba a gaya masa ba.

Mene Ne Khal?

Idan aka auna khal ɗin da ake sayarwa don girki, za a tarar kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne zalla. Ragowar, wato kimanin kashi 5, shi ne sinadarin da ake kira asid asetik, kuma shi ke ba khal tsaminsa da warinsa mai hawa kai. Ana samar da shi ta matakai biyu, kowane mataki kuwa aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. A matakin farko ƙwayoyin yis suna cin sukarin da ke cikin ruwan inabi ko tuffa ko dabino ko rake, su mayar da shi barasa. A mataki na biyu wasu ƙwayoyin bakteriya da masana suka sa wa suna Acetobacter suna haɗa barasar da iskar oksijin, su juya ta zuwa asid asetik da ruwa. Shi ya sa bammin da aka bari a buɗe kwana biyu ko uku yakan koma tsami zalla.

Mutane sun yi dubban shekaru suna yin khal ba tare da sanin wanda ke yi musu aikin ba. Masanin nan na Faransa, Luwi Fasto, shi ne ya tabbatar a shekarar 1864 cewa yanar da ke taruwa a saman ruwan halitta ce mai rai, kuma ita ke jawo oksijin daga iska ta tsamar da barasar. Kafin nan, a 1845, wani Bajamushe mai suna Haman Kolbe ya haɗa asid asetik a ɗakin gwaji daga sinadaran da ba na halitta ba. A yau akasarin asid asetik ɗin da masana'antu ke amfani da shi daga masana'anta yake fitowa.

Ya kamata a lura cewa ba kowane tsami ne khal ba. Tsamin nono daga asid laktik yake, na lemon tsami daga asid sitrik, na tsamiya kuwa yawancinsa asid tatarik ne. Dukkansu dangin juna ne a wajen aiki, domin duk asid ne masu rauni.

Ma'aunin Tsami da Kishiyarsa

Kowane asid yana da kishiya, wato alkali. A gidajenmu kanwa, ruwan toka, sabulu da sodar da ake yin sabulu da ita duk alkali ne. Uwayenmu sun daɗe da sanin cewa tsami da kanwa suna kashe ƙarfin juna, shi ya sa ake jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa idan tsaminta ya yi yawa.

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Soren Sorensen, ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda akan jera daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, ba ya nan ba ya can. Duk abin da ke ƙasa da 7 asid ne, abin da ke sama kuma alkali. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne, saboda haka abin da ke kan 3 ya fi wanda ke kan 5 tsami sau ɗari. Khal yana wajen 2.4 zuwa 3, sabulun wanka yana tsakanin 9 da 10.

Da aka ce asid asetik mai rauni ne, ana nufin idan yana cikin ruwa, kaɗan ne daga cikin ƙwayoyinsa ke sakin ɓurɓushin haidirojin da ke haddasa tsami. A khal na girki, kimanin ƙwaya ɗaya ce cikin 200 ke yin haka a lokaci guda. Sauran suna nan a ajiye, sai an ci waɗanda ke fili sannan su fito su maye gurbi. Wannan hali ne ya sa ana iya zuba khal a abinci, amma kuma yana iya kashe ƙarfin alkali mai yawa a hankali.

Khal da Gashi

Silin gashi matacce ne tun daga inda ya fito daga fata. An gina shi da wani furotin mai suna keratin, irin wanda aka gina farce da ƙaho da gashin tumaki da shi. Idan aka duba shi a madubin ƙara girma, za a ga bayansa lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Idan ɓawon nan ya kwanta luf, gashi yakan yi santsi, ya yi sheƙi, ya kuma yi sauƙin tajewa. Idan ya miƙe, silin gashi sai su riƙa sarƙe juna, mataji ya riƙa tsinka su.

Fatar kai tana da ɗan tsami, wajen 5.5 a ma'aunin pH, silin gashi kuwa ya fi zama daidai a wajen 3.7. Idan aka wanke kai da sabulu, musamman sabulun salo wanda ake yi da ruwan toka, alkalin da ke ciki yakan kumbura silin gashi ya tayar da ɓawonsa. Ko man wanke gashi na kanti ma ba duka ne suka dace da wannan ma'auni ba. Wasu masana a Burazil sun auna iri 123 na man wanke gashi, suka buga sakamakon a 2014. Sun tarar ma'auninsu ya kama daga 3.5 har zuwa 9, kuma waɗanda ke kan 5.5 ko ƙasa da haka ba su kai kashi 40 cikin 100 ba.

Akwai kuma matsalar ruwa. A wuraren da ke da dutsen farar ƙasa a ƙarƙashi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato don yin siminti, ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗauko gishirin kalsiyam da maganiziyam. Alamarsa ita ce sabulu ya ƙi kumfa, tukunyar dafa ruwa kuma ta riƙa tara farin ɓawo a ciki. Waɗannan gishiri suna haɗuwa da sabulu su zama wani dauɗa mai danƙo da ruwa ba ya narkarwa, wanda ke manne wa gashi ya dusashe shi.

A nan ne khal ke da amfani na haƙiƙa. Ɗauraya da ruwan khal bayan wanki tana kashe ragowar alkali, ɓawon gashi ya koma ya kwanta, tana kuma narkar da dauɗar kalsiyam. Yadda ake yi shi ne a zuba cokali biyu na cin abinci, kimanin mililita 30, a cikin rabin lita na ruwa. A zuba a kai bayan an ɗauraye sabulu, a bar shi minti biyu ko uku, sannan a bi da ruwa. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar. Kada a zuba shi tsagwaronsa, kada a bari ya shiga ido, kada kuma a sa shi a kan da ke da ƙuraje ko rauni, ko wanda sabon kitso ya ja har fatar ta yi tsami.

Iyakarsa ke nan. Gashi daga ƙarƙashin fata yake tsirowa, kimanin santimita ɗaya a wata, kuma gado da abinci da lafiyar jiki su ke tafiyar da wannan. Khal ba ya kaiwa can. Abin da zai iya yi shi ne ya rage tsinkewa wajen taza, wanda kan sa a ga kamar gashin ya ƙara tsawo. Game da ƙwarƙwata, wani gwaji da aka buga a Amurka a 2004 ya jarraba magungunan gida iri-iri, ciki har da khal, aka tarar ba ya kashe ta, ba ya kuma hana ƙwanta ƙyanƙyashewa. Amosanin kai yana da alaƙa da wani naman gwari mai suna Malassezia, kuma akwai man wanke gashi na musamman da ake sayarwa a kantin magani dominsa. Makero, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin yaran firamare, yana shiga har cikin saiwar gashi, saboda haka yana bukatar maganin sha daga asibiti na makonni. Uwar da ta tsaya shafa wa ɗanta khal tana ɓata lokaci ne kawai, cutar kuwa tana yaɗuwa zuwa 'yan'uwansa ta hanyar mataji da hula da askar wanzami.

Wata magana mai muhimmanci ita ce ta man miƙar da gashi da ake kira rilaksa. Da yawa daga cikinsa an yi shi da soda mai ƙuna, ma'auninsa kan kai 12 zuwa sama. Ana sayar da shi tare da man wankinsa na musamman mai tsami, wanda aka auna don ya tsayar da aikin sodar, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi. Idan rilaksa ya ƙone fatar kai, abin yi shi ne a yi ta kwarara ruwa mai yawa na tsawon lokaci, idan ƙunar ta yi tsanani a tafi asibiti. Zuba khal a kan ƙuna ƙara wa rauni azaba ne.

A gefe guda, matan da ke matsa lemon tsami a kwaɓin lalle suna bin wannan ƙa'ida ce ta tsami. Ganyen lalle yana ɗauke da wani sinadari mai suna loson, wanda ke kama keratin na fata da farce da gashi. Ɗan tsami yana taimaka masa ya fito daga ganyen ya jira har ya samu abin kamawa. Khal ma yana iya yin wannan aiki, sai dai yawansa yana busar da gashi.

Khal a Wajen Wanki

Garin sabulun wanki da sabulun sanda duk alkali ne, kuma da gangan aka yi su haka, domin maiƙo da dauɗar jiki sun fi saurin barin tufa a cikin alkali. Matsalar tana zuwa ne wajen ɗauraya. Inda ruwa ke da tsada ko wahalar samu, akan ɗauraye kaya sau ɗaya a shanya. Ragowar sabulu da gishirin ruwa sai su bushe a cikin zare. Shi ya sa tawul ke yin tauri kamar busasshiyar fata, farar riga ta koma ruwan toka, fatar jariri kuma ta riƙa yin ja a inda tufa ke gogarta.

Manyan gidajen wanki na otal da asibiti sun daɗe suna zuba ɗan asid a ruwan ɗauraya na ƙarshe saboda wannan dalili. A gida khal na iya yin aikin. Kimanin rabin kofin shayi, wato mililita 100, a bokiti mai cin lita 10 ya isa. A tsoma kayan na minti biyar zuwa goma, a matse, a shanya. Warin khal ɗin yana tafiya da zarar kaya sun bushe, domin asid asetik yana bin iska. Farin khal ya fi dacewa, na tuffa yana iya barin tabo a farin yadi. Haka kuma yana rage zarnin fitsari a kayan yara da wani ɓangare na warin gumi, saboda sinadarin amoniya da danginsa alkali ne, idan suka haɗu da asid sai su zama gishirin da ruwa ke tafiya da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba khal tare da sabulu a ruwa guda. Yin haka kashe wa sabulun ƙarfi ne, an yi asarar biyu ke nan. Irin wannan ne haɗa khal da hodar bekin soda. Kumfar da ke tasowa tana burge mai kallo, amma iskar kabon dayoksaid ce kawai ke fita, abin da ya rage a kwano kuma ruwa ne da wani gishiri mai suna sodiyam asitet, wanda ba ya wanke komai. Khal ba ya cire maiƙo, saboda haka tabon manja ko baƙin mai aikin sabulu ne. Ba a kuma dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta a kayan majiyyaci. Masu injin wanki su sani cewa yawan amfani da shi na iya lalata wasu robobin da ke cikin injin.

Gargaɗi mafi girma a wannan maƙala shi ne: kada a taɓa haɗa khal da ruwan bilic, irin su Hypo da Jik. Sinadarin da ke cikin bilic, sodiyam haifokulorait, yana zaune lafiya ne saboda an ajiye shi cikin alkali. Da zarar asid ya shiga, sai iskar kulorin ta tashi. Wannan ita ce iskar da aka yi amfani da ita a matsayin makami a garin Ifir na ƙasar Beljiyam a watan Afrilu na 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma ta fi iska nauyi, saboda haka takan taru a ƙasa-ƙasa, daidai inda mai wanki ke sunkuye ko yaro ke zaune. A ƙaramin banɗaki marar taga haɗarin ya fi yawa, musamman ga mai ciwon asma. Idan hakan ta faru, a fice zuwa fili nan take, a bar ƙofa a buɗe, a wanke ido da ruwa, idan tari ko sarƙewar numfashi ya ci gaba a garzaya asibiti. Wannan hukunci ya shafi lemon tsami da ruwan tsamiya da ruwan wanke masai mai asid. Kayan da aka jiƙa a bilic sai an ɗauraye su sarai kafin khal ya kusance su.

Khal da Rini

Maganar da ta fi yawo ita ce, wai idan aka jiƙa sabuwar atamfa ko shadda a ruwan khal da gishiri, launinta zai kama, ba za ta ƙara zuba ba. Kafin a yanke hukunci sai an san irin zaren da irin rinin.

Zare iri-iri ne. Ulu da siliki, har da silikin daji da ake kira tsamiya wanda ake yi wa babbar riga aiki da shi, furotin ne kamar gashin mutum. Auduga kuwa daga tsiro take, an gina ta da selulos. Akwai wani rukunin rini da ake kira rini mai son asid, wanda ƙwayoyinsa ke ɗauke da cajin lantarki na ragi. Idan aka zuba khal a tukunyar rini aka ɗora a wuta, zaren furotin yakan ɗauki cajin ƙari, sai rinin ya manne masa kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe. Wannan gaskiya ne ga ulu da siliki da nailan. A nan khal abokin aikin marini ne, amma a cikin tukunya lokacin rinin.

Selulos ba shi da irin waɗannan wuraren kamawa, saboda haka khal ba shi da abin da zai yi masa. Rinin da aka fi amfani da shi ga auduga a masaƙu na zamani shi ne wanda ke ƙulla alaƙar sinadari da zaren kansa. Kamfanin ICI na Ingila ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1956 da sunan Procion, kuma ba ya kamawa sai da alkali. Gishiri ma yana da nasa aikin, amma shi ma a cikin tukunya: yana tura ƙwayoyin rini daga ruwa zuwa jikin auduga. Daga waɗannan ayyuka biyu na gaskiya ne maganar khal da gishiri ta samo asali, aka ɗauke ta daga marina aka kai ta bokitin wanki, inda ba ta da amfani.

Babu misalin da ya fi namu na gida. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, yana cikin tsofaffin wuraren rini a Afirka. Baturen nan Bajamushe, Hainrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga bunƙasar saƙa da rini a Kano lokacin da ya zo a 1851, ya kuma bayyana yadda ake kai rinannun tufafinta ƙasashe masu nisa. Shunin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa. Marina sukan haɗa shi da ruwan toka a cikin rami, su bar shi kwanaki yana ruɓa. Toka tana samar da alkali, ƙwayoyin bakteriya kuma suna cinye oksijin ɗin ruwan, su juya shunin zuwa wani kamanni mai narkewa. A haka yake shiga cikin zare. Idan aka ciro yadi, yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo, domin oksijin ya mayar da shunin yadda yake a da, ya maƙale a cikin zaren. Ana maimaita tsomawa da shanyawa har launin ya kai yadda ake so. Adolf fon Baya ya gano tsarin sinadarin shuni a 1883, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sayar da na masana'anta a 1897. Masu rinin shadda na yanzu suna amfani da soda mai ƙuna da sodiyam haidirosalfait a madadin toka da bakteriya, amma ƙa'idar ba ta sauya ba.

Ke nan shuni kamawar tarko yake yi, ba ya jiran asid. Abin da ke gogewa a jiki shi ne wanda ya zauna a bayan zare. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, wanda ake bugawa a mabuga har ya yi ƙyalli, yana barin shuɗi a fuskar mai shi, kuma babu yawan khal ɗin da zai hana shi. Amfanin da khal ke da shi a irin wannan rini shi ne a ɗauraya ta ƙarshe, don kashe ragowar soda wadda ke cin hannu, ta kuma raunana zare, musamman siliki da ulu.

Akwai wani wuri kuma da tsami ke taimakon rini ta bayan fage. Idan aka jiƙa tsatsattsen ƙarfe a khal na kwanaki, ƙarfen yakan narke ya zama gishiri. Wannan ruwa idan ya haɗu da sinadarin tanin, wanda ke da yawa a cikin bagaruwa, nan take sai ya koma baƙi. A kan wannan ƙa'ida dukawa ke samun baƙin da suke kira kuloko a kan fatar da aka jeme da bagaruwa. Masu buga launi a kan auduga a Turai su ma sun yi amfani da gishirin ƙarfe da na alminiyam da aka haɗa da asid asetik. A nan ƙarfen ne ke riƙe launi, khal ɗin ɗan aike ne da ya kawo shi.

To, me mai sabuwar atamfa zai yi? Launin da ke fita a wankin farko yawanci rarar rini ce da ba ta kama ba tun daga masaƙa, kuma gara ta fita. Tun a kasuwa ana iya goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefen yadin a ga ko zai ɗauki launi. A gida a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku, kada a bar shi a jiƙe ya kwana, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa, domin hasken rana ma yana cin launi. Yadin da ya ci gaba da zuba bayan wanki huɗu ko biyar, rininsa ne ba shi da kyau, sai dai a riƙa ware shi daga sauran kaya.

Gwaje-gwaje Don Aji

Malami na iya nuna duk abin da aka faɗa da kayan da ba su da tsada. Na farko, a jiƙa zoborodo a ruwan zafi, a tace, a raba kofi uku. A ɗiga khal a na farko, a bar na biyu haka nan, a zuba ruwan kanwa a na uku. Na farko zai ƙara ja, na uku kuwa zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Daga nan ɗalibai su gwada sabulun wanka da garin sabulu da lemon tsami, su jera su bisa launin da suka bayar. Na biyu, a jefa ɓawon ƙwai a khal a ga ƙananan kumfa na tashi; irin aikin da yake yi wa farin ɓawon tukunya ke nan. Na uku, a samo farin zaren ulu na gaske da farin zaren auduga, a dafa su tare na minti 20 a ruwan da aka sa kalar abinci da cokali biyu na khal, sannan a wanke da sabulu. Ulun zai riƙe launi, audugar kuwa za ta saki kusan duka. Idan ulun ma ya saki, to na roba ne, wanda ya cika kasuwa. Ana gane na gaske da ƙaurin gashi idan an ƙona ɗan guntunsa.

A yi amfani da khal na girki kawai. Tsagwaron asid asetik da ke ɗakin gwaji, wanda ke daskarewa idan sanyi ya kai digiri 16 zuwa 17, yana ƙona fata da ido, kuma ba na hannun ɗalibai ba ne.

Kammalawa

Mun ga cewa khal yana da amfani wajen kwantar da gashi bayan sabulu, da tausasa tufafin da ragowar sabulu ta taurara, da rina ulu da siliki da nailan, da kuma kashe ragowar soda bayan rinin shuni. Mun kuma ga cewa ba ya tsirar da gashi, ba ya maganin ƙwarƙwata ko makero, ba ya cire maiƙo, ba ya kama launi a auduga. Duk wanda aka kawo wa sabon labari a kan khal, sai ya tambaya: akwai alkali ko gishirin ruwa da ake son kawarwa a wurin? Abin da za a sa wa khal ɗin furotin ne ko selulos? Da wane sinadari zai haɗu a cikin bokiti? Muna roƙon malamai su gudanar da gwaje-gwajen nan uku a makarantunsu, ɗalibai kuma idan sun koma gida su sanar da iyaye da masu wanki haɗarin haɗa bilic da duk wani abu mai tsami, su kuma tabbatar ba a ajiye kwalaben biyu wuri guda ba.